Fankar da Ba Ta Juya Ba

Wata yarinya ce a garin Ƙofa. Babanta, Malam Badamasi, yana da tsohuwar mota, kuma shi yake gyara abarsa.

Wata rana da yamma ya cire wani ɗan ƙarfe daga injin, ya ɗaura sabo.

"Wannan shi ne sensa," in ji shi. "In injin ya yi zafi, shi ke sa fanka ta juya ta sanyaya shi. Zan shiga in tayar da mota. Ki tsaya gefe, kar ki taɓa komai. In fanka ta juya, ki gaya mini."

Yarinyar ta ɓata rai. Ƙawayenta na can bakin zaure suna wasan carafke, suna kiranta.

Injin ya yi ta ruri. Fanka shiru. Haushi ya kama ta.

"Baba, ta juya!" ta ce da ƙarfi.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani mana!"

Baba ya kashe mota, ita kuwa ta ruga wajen wasa.

Washegari da safe suka kama hanyar Tudun Wada. Yayarta Raihana za ta rubuta jarrabawa a can. Yarinyar ma ta bi su don ta gaida Gwaggo.

A Ƙafin Maiyaki suka tarar da cunkoson kasuwa. Mota na tafiya a hankali. Can sai tururi ya turnuƙe daga gaban motar. Baba ya gangara gefen titi, ya buɗe bonet. Ruwan lagireto na tafasa, fanka na tsaye cik.

Ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Ke! Jiya me kika ce mini?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban ga ta juya ba, Baba. Wasa nake so in tafi."

"Wasa? Da bakinki kika ce kin gani! Sai da na sake tambayar ki!"

Raihana ta fashe da kuka. "Shekara guda ina karatu! In aka rufe ƙofa ban shiga ba, ba ni ba ke!"

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin ne zai rubuta mini jarrabawa?"

Baba ya tare wani ɗan acaɓa da ya sani, Ɗanliti. "Don Allah kai ta Tudun Wada, kar ta makara." Raihana ta hau, ko waiwaye ba ta yi ba.

Da injin ya huce, Baba ya duba. Ashe wayar sensa ce ba ta shiga sosai ba. Ya danna ta, ya ƙara ruwa.

"Da kin faɗi gaskiya, da tun jiya na gyara," ya ce. "Koma ki tsaya."

Ya shiga ya tayar da mota, yarinyar ta tsaya gefe. Rana na dukanta, amma ba ta ɗauke ido ba.

"Ta juya?"

"Tukuna, Baba."

Can sai fanka ta ɗauka, fuuu!

"Yanzu ta juya! Zo ka gani!"

Baba ya leƙo, ya yi murmushi.

Suka ƙarasa Tudun Wada. Da azahar Raihana ta fito daga ɗakin jarrabawa tana dariya. Ta shiga a kan lokaci. Ta ja kunnen ƙanwarta, sannan ta rungume ta.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta ƙara cewa ta ga abin da ba ta gani ba. Yara, in an sa ku duba abu, ku yi haƙuri ku duba, sannan ku faɗi gaskiya.