Saƙon Shuɗin Fensir

Na zaro takardar farko daga cikin wani tsohon kwali. Bi Zuhura, tsohuwar editarmu, tana tsaye a kaina tana fifita da jarida, tana cewa in hanzarta in zaɓi abin da nake so kafin masu kwasar shara su iso. Ofishin jaridarmu na unguwar Kariyako a Dar es Salam za a rushe, shi ya sa ta kirawo ni daga garin Tanga bayan shekara goma sha ɗaya.

Zanen Kitwana ne, ko a mafarki na san hannunsa. Amma ba zanen ne ya tsayar min da numfashi ba. Can a gefen takardar, da shuɗin fensir, an rubuta:

"Mwana, yau kwana tara. Shayin ofis ya ƙi shawuwa."

Na ɗauki ta biyu... na ɗauki ta uku...

Kowacce da nata saƙon.

"Lafiya dai, Mwanaidi?" in ji Bi Zuhura.

Zama na yi daɓas a kan simintin, ƙura da komai.

Ina 'yar shekara ashirin da ɗaya na fara aiki a ofishin nan. Kitwana ke zana labarin barkwancin shafin baya, ni kuma in bi layinsa da baƙar tawada, in rubuta abin da mutanen zanen ke faɗa. Dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne, ya sha mantawa ya shiga sahun Juma'a da shi. Tebur ɗaya muke, ƙarƙashin wata fanka da ta fi iya kuka a kan ba da iska. Da hantsi mu raba mandazi biyu, fanken ƙasarmu, da shayi kofi ɗaya, ya riƙa zana duk wanda ya wuce ta taga. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar a wancan ɗakin mai zafi ba.

Ranar farko ya miƙo min shuɗin fensir, ya ce injin da ke ɗaukar hoton shafi ba ya ganin wannan launin, duk abin da aka rubuta da shi ba ya fitowa a jarida. Da shi masu zane ke yi wa juna gyara. Mu ma da gyaran muka fara: "rage tumbin nan", "ƙara hanci". Daga nan aka koma "kin karya kuwa?" Sai aka wayi gari ya rubuta cewa mayafina ya hana shi daidaita layi. Dar es Salam kaf tana karanta shafin baya tana dariya, ba wanda ya san abin da ke gefen asalin takardar sai mu biyu. Ban taɓa mayar masa da takarda ba tare da na ba shi amsa ba.

Babana, Mzee Shomari, kifi yake sayarwa a kasuwar bakin teku. Da ma bai ɗauki zane a bakin sana'a ba. Da na ambaci Kitwana, cewa ya yi ƙato da gemunsa ya zauna yana yi wa mutane manyan hanci, da wannan zai riƙe iyali?

Sai Kitwana ya ƙara jiƙa mana aiki. Ya yi mako uku yana zuwa kasuwar da niyyar gaida Baba, tsoro na hana shi, sai ya raɓe gefe yana kallonsa. Abin da ido ya gani hannu ya zana. Aka samu sabon mutum a shafin baya: wani mai kifi marowaci, da tumbi da hula a karkace, wanda ke ɗora kifi a sikeli har da ƙudan da ke kansa. Ya rantse min ba Baba yake nufi ba. Ni da na bi da tawada na ga kamannin sarai, amma dariya ta ci ƙarfina, har tabon goshin Baba na ƙara da hannuna. Ƙuruciya ke nan.

Ranar da jaridar ta fito, kasuwa ta ɗauka. Masu sayen kifi suna tambayar Baba ko da ƙuda ya auna musu. Kafin mako ya zagayo Baba ya saka ni a mota zuwa Tanga, wajen Gwaggo Mwatumu, matar da ko wasiƙar hukumar ruwa sai ta buɗe ta shinshina.

Mutum ɗaya ke zirga-zirga tsakaninmu: Sudi, ɗan kawuna, wanda ke haɗa shafuka a ofishin. Ya daɗe yana min wani kallo, ina yi kamar ban gane ba. Duk zuwan da ya yi sai ya miƙo min jaridun da suka fito, ya ce Kitwana ya ce a ba ni.

"Yaya Sudi, ba asalin takardun?"

"Abin da ya ba ni ke nan, ƙanwata."

Na riƙa duba gefen shafin, fari fat. Ni da na fi kowa sanin shuɗi ba ya fitowa a bugu, sai na ɗauki farin nan a matsayin amsa. Na ce a raina da yana da abin faɗa da asalin zai aiko. Na yi kuka, na yi fushi, fushin ya daɗe har ya zame min jiki. Bayan wata takwas labarin shafin baya ya tsaya, na ce gajiya ya yi. Sudi ya fito neman aurena na ƙi, ya yi zuciya ya koma Mwanza. Ni kuwa na ci gaba da cin abinci da alƙalamina, ina zana awaki da tukwane a littattafan 'yan firamare.

Yanzu ga ni zaune da takarda talatin da huɗu a cinya. Bi Zuhura ta ce a bayan tsohon kabad ɗin Sudi aka tsinci kwalin. Ashe duk mako Kitwana na ba shi asalin zanen ya kawo min, don ya san Gwaggo ba za ta kula da gefen zane ba. Sudi ya ɓoye, ya koma ya ce na gani na yi shiru.

Ta ƙarshen ce ta gama da ni.

"Mwanaidi, ki aure ni. In kin yi shiru wannan karon ma, na gane."

Na tambayi Bi Zuhura ko yana raye. Ta harare ni ta ce yana nan unguwar Mwenge yana zana fuskokin baƙi da allunan shaguna, kuma in tashi daga ƙasa kafin in ba ta kunya.

Daladala biyu na hau, ƙananan motocin hayar nan, kwalin a ƙirjina. Na same shi a wata rumfa yana zana kan saurayi a allon mai aski. Furfura ta fara masa, fensirin dai na nan a bayan kunne. Da ya ɗago ya gan ni, burushin ya ɗiga fenti a ƙafarsa bai ma sani ba.

Ban yi sallama ba. Kwalin na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana juya takardun. Na ba shi labarin Sudi a taƙaice. Bai zagi kowa ba, sai cewa ya yi laifinsa ne, shi da ya san ban taɓa mayar da takarda ba amsa ba, me ya hana shi hawa mota ya zo Tanga da ƙafarsa?

"Tsoron Mzee..." ya faɗa a hankali.

Na ce masa Baba ya rasu shekara huɗu ke nan. Na kuma gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da muka buɗe akwatin Baba, a ƙarƙashin hularsa ta Idi muka samu zanen mai kifin nan, an yanke shi tsaf an ninke. Kitwana ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka, ya rufe fuska da hannunsa mai fenti.

"Ka yi aure?" na tambaya.

"Wa zai auri mai yi wa mutane manyan hanci? Ke fa, Mwana?"

"Awaki nake zanawa."

Ya zaro fensirin bayan kunnensa. Shuɗi ne, ya gajarce kamar ɗan yatsa. Ya ɗauko takardar ƙarshe ya ɗora a gwiwata, ya miƙo min fensirin.

"Tambayar tana nan, hasken idona... in ba ta tsufa ba."

Na kalli fensirin. Shuɗin nan shekara goma sha ɗaya ya cinye mana.

Na ture shi gefe, na buɗe jakata na ciro alƙalamina da kwalbar baƙar tawada. A ƙarƙashin rubutunsa, da manyan baƙaƙe irin na shafin baya, na rubuta: NA YARDA.

"Da tawada, Mwana? Wannan ai zai fito a bugu."

"Ya fito," na ce masa. "Kowa ya gani."