Tuwon Sabon Gero

“Saurayin naki bai ci ba.”

Talatu ta tsaya da mara a hannu, tuwo na tururi a gabanta. Ba sai ta ɗago ba, ta san muryar. Maikuɗi ne, mataimakin malamin bishara, wanda sau biyu yana turo manyansa gidansu neman aurenta ana sallamar su da haƙuri.

“Ko loma ɗaya,” ya ƙara. “Kowa ya gani. Baba Liti ma ya gani.”

“Wataƙila a ƙoshe yake...”

“Mutumin da ya tuƙo keke tun daga Yola ta Karaye? To, Allah ya ba mu irin cikinsa.”

Ya wuce yana murmushi.

Sati uku Talatu da matan majami'a suna shirin wannan rana ta godiyar kaka. Masu bi na Rogo da na Karaye sun haɗu a ƙarƙashin tsamiyoyin bakin rafi, a hanyar Falgore. Kowane gida ya kawo mudun sabon gero. An kira Muntaka mahauci daga kasuwa ya yanka awaki biyu, don maƙwabta Musulmi su ci ba tare da shakka ba. Baturiyar mishan kuma ta ce yau babu akushin manya babu na yara, kowa ɗan'uwan kowa ne, a zauna biyar-biyar a ci tare.

Maikuɗi aka ba aikin zaunar da mutane. Shi ya ajiye Dogara, saurayin nata, gwiwa da gwiwa da mahaifinta, Baba Liti.

Ta leƙa ta bayan zana. Ga Baba Liti, dattijon ikilisiya, yana wanke hannu fuska a murtuke. Ga Dogara kansa a ƙasa, hannayensa a kan cinya, gefensa na akushin ko yatsa bai taɓa ba.



Yau ce ranar da Baba ya ce zai duba yaron ya ba da amsa. Bara aka yi wa Dogara baftisma, shi kaɗai a gidansu. Mahaifinsa har yanzu yana yi wa iskoki yanka, kuma duk yankin an san dokar gidan: ba mai kai sabon gero baki sai an zuba wa iskoki rabonsu. Bana ba a zuba ba tukuna.

Ba a jima ba aka ce Baba na kiranta.

Ta durƙusa nesa da tabarma. “Ga ni, Baba.”

“Kin ga abin da na gani?”

“Na gani...”

“An yi addu'a a kan tuwon nan. Sau uku ina ce masa sa hannu, yana ce mini ‘to, Baba’, bai sa ba. Maikuɗi ya gaya mini dalili, ni ma ba yaro ba ne.” Ya share gemunsa. “Daga cikin abin nan na fito, Talatu. Na san yadda yake riƙe mutum. Ba zan kai ki gidan da za a wayi gari ana ɗaura wa jikokina laya ba.”

“Baba, don Allah ka bari a tambaye shi.”

“Cikinsa ya riga ya amsa. Kafin a tashi zan gaya wa mutanen Karaye su daina wahalar zuwa.”

Ta tashi idonta cike da hawaye.

A fili an fara wasa. Samari sun kama ƙafa ɗaya suna langa, ƙura na tashi, tsofaffi na yi wa wanda ya faɗi dariya. Can gefe an kawo buhunan gyaɗa don tseren buhu. Dogara, wanda bara shi ya kayar da 'yan Rogo huɗu a langa, yana tsaye shi kaɗai wajen kekensa.

Talatu ba ta taɓa tunkarar sa a gaban mutane ba. Yau ta je.

“Me ya sa ka yi mini haka?”

Ya juyo a firgice. “Talatuna... kuka kike?”

“Me ya sa ba ka ci ba?”

“In ci? A gaban Baba?” Ya dube ta kamar ta yi saɓo. “In buɗe baki ina tauna, ina lasar yatsa, mutumin da nake neman 'yarsa yana kallona? Haba, Talatu. Wa ya raine ni?”



“Kunya ce?”

“To mece ce? Yayana shekararsa tara da aure, ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba.”

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta. “Cewa ake tsoron iskokin gidanku kake. Baba ya ce a daina zuwa.”

Fuskarsa ta sauya.

“Dogara, ka ce ƙarya ne.”

“Ba zan yi miki ƙarya ba,” ya ce a hankali. “Kunya ce ta hana ni. Amma da na ga sabon gero ne... hannuna ya yi sanyi. Tun ina goye nake jin wanda ya riga iskoki ci ba ya ganin wata kakar. Na san ba gaskiya ba ne. Kaina ya sani. Jikina ne bai gama ji ba.”

“Kuma in ka ci?”

“Kafin in isa gida labari ya riga ni. Babana ba zai ƙara haɗa akushi da ni ba.”

Ta goge ido da bakin mayafi. “Ni ba zan ce ka ci ba, masoyina. Ba ni zan rasa uba ba.”

“Ke zan rasa in ban ci ba.”

“Duk na ji ku.”

Goggo Adama ce, yayar Baba Liti, tsaye a bayansu da ƙwaryar nono da Fulanin rugar Hammawa suka aiko. Ta harari Dogara sama da ƙasa.

“Kai, dogon banza, za ka ci ko ba za ka ci ba?”

“Zan ci, Goggo. Amma ba a idon Baba ba.”

“Ku biyo ni.”

Ta isa tabarmar dattawa ba ko sallama. Maikuɗi na tsugune kusa da Baba yana masa magana ƙasa-ƙasa.

“Liti, tambaya gare ni. Ranar da ka je gaida uban Rahmatu, uwar yarinyar nan, aka kawo maka fura, me ka yi?”

“Yaya, ana cikin mutane...”

“Wuni ka yi da ƙishi, ka dawo gida kana layi kamar ɗan akuya, ni na dama maka. Yanzu don Baturiya ta ce a haɗa akushi, ka manta yadda ake neman aure?”

Dattawa suka ƙyalƙyale da dariya. Baba bai yi ba.

“Wannan dabara ce kawai, Baba,” in ji Maikuɗi da sauri. “In da gaske yake, ga tuwo, ya ci yanzu kowa ya gani.”

“Kai da ka zaunar da shi a nan,” Goggo ta ce, “ka san abin da kake yi. Rufe mana baki.”

Baba Liti ya dubi Dogara, wanda ke durƙushe yana kallon ƙasa.

“Yaro, kana tsoron iskokin?”

“Da saura, Baba.”

Talatu ta runtse ido, ta ce a ranta shi ke nan.

“Amma za ka ci?”

“Zan ci.”

Baba ya gyaɗa kai. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, “Ni shekara uku na yi ina kai lomar farko hannuna na rawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba.”

Ya jawo sandarsa ya miƙe.

“Ina za ka, Baba?” in ji Maikuɗi. “Ai ya kamata ka gani da idonka.”

“Ba a kallon suruki yana ci.”

Ya juya musu baya, ya nufi filin langa a hankali, bai waiwayo ba.

Talatu ta zauna a ƙasa. Goggo ta tura akushin gaban Dogara ta zuba masa ruwa a hannu. Ya gutsuri tuwon, ya dangwali miya. Miyar na ɗiga a kan tabarma, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya dubi hanyar Karaye sau ɗaya.

Sannan ya kai lomar baki.

“Ya ci, Liti!” Goggo ta ɗaga murya.

Daga nesa, ba tare da ya juyo ba, Baba ya ce, “A ƙara masa miya. Tun safe yaron nan bai ci komai ba.”