Allurar Dakta Arzika

Ana gab da kiran magariba, Hajiya Dijatu na kwashe tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin ƙurya. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku, kuma duk a kan ɗaki ɗaya suke sauka, ɗakin da mijinta Dakta Arzika ya ajiye na'urarsa.

Zamanin soja ne, kuɗin mai sun fara ja da baya, Dakta ya dawo daga karatu a Turai da akwatuna biyu. Hajiya ta sa ran atamfa, sai ga na'ura mai allura, wadda ke bin fuskar abu a hankali ba tare da ta taɓa shi ba, har ta fitar da hoton ƙwayoyin zarra a jere kamar gero a faifai. Abin ba ya son motsi ko kaɗan. Janareton jami'ar da yake koyarwa na girgiza ƙasa, shi ya sa ya kawo ta gidan gado a Ƙofar Taramniya, ya ɗora ta kan tiyub ɗin mota don ya shanye motsi, a tsohon ɗakin kakarsa.

Hannun Dakta na rawa, don haka 'yarsa Sakinatu, ɗalibar kimiyya, ita ke wasa allurar, ita ke saukar da ita sannu a hankali, numfashi a riƙe. Shekara biyu tana wannan aiki. Sai ya haɗa kwamfuta mai saukar da allurar da kanta, ta ɗauki hoton, ta gyara kuskurenta. Daga ranar ya daina kiran Sakinatu. In baƙo ya zo, kwamfutar ake nuna masa, ana yabonta kamar 'yar da ta sauke Alƙur'ani, Sakinatu kuwa ta kawo ruwa ta fita. Kishi ya ci ta har ta rame, amma ba ta gaya wa kowa ba, don wa zai buɗe baki ya ce yana kishi da akwati?

Kwana bakwai ana jifa, kullum da rana ta yi ja. Kowane dutse sai ya sa allura ta caki abin da take dubawa ta lanƙwashe. Dakta, da yake boko ya kai masa wuya, ya ce maƙwabta ne masu hassada, har ya hau katanga yana leƙe. A rana ta takwas aka iske Sakinatu zaune a ƙofar ɗakin, ido a kafe, tana magana da muryar tsoho. Nan boko ya ƙare. Hajiya ta aika aka kira Malam Mode, wanda ya karantar da Dakta allo.

Malam ya zauna kan buzu ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi.

"Wane na kai? Mi kaka so ga ɗiyag ga?" in ji Malam.

Muryar ta ce shi aljani ne, tun ba a haifi kakar Dakta ba yake ɗakin. Yarinyar ba ta taɓa shiga ba sallama, ba ta taɓa ɗaukar allura ba bisimilla, shi kuma yakan zauna gefenta yana kallon ikon Allah tare da ita.

"Yanzu an kawo muna akwati, ba sallama ba bisimilla, shina soke-soke shi ɗai. Ita tab ba da idonta shekara biyu. Ran da hoto yah hito, akwati anka yi ma barka. Takardad da za a aika Turai, sunan wa anka sa?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Aljanin ya nemi a fasa kwamfutar, Malam ya ce ba a ɓarnar dukiya don a faranta wa aljani. Aka yi ta ja, har suka tsaya a kan cewa na'ura ba za ta tashi ba sai mutum ya tashe ta da sunan Allah, kuma a kashe ta kafin magariba. Sakinatu ta yi atishawa uku, ta zube jikin uwarta tana numfashi.

A zaure Dakta ya tambayi Malam ko aljanin zai dawo.

"Shi kam ya tahi," in ji Malam yana saka takalmi. "Amma Arzika, na daɗe ina magana da aljannu, ban taɓa ganin wanda yad damu da suna cikin takardat Turawa ba. Wagga magana ba tashi ta ba."

Malam ya tafi. Dakta ya shiga ɗaki ya ɗauko ambulan ɗin takardar Turai da ya riga ya manna wa kan sarki, ya yage bakinsa, ya miƙa wa Sakinatu shafin farko. Ta dubi suna ɗayan da ke sama, nasa ne. Ya janyo tafireta ya zura sabuwar takarda don a sake buga shafin, ya ce ta matso ta zauna.