Sunan Da Lurwanu Ya Ba Da Aro

Suhaila tana kicin tana jiran shayi ya tafasa ta ji muryar mahaifinta daga falo, kuma tun daga harshen da ya zaɓa ta san babu lafiya. Alhaji Sa'id idan yana cikin nishaɗi Larabci yake zubawa kamar kowa a unguwar Ƙurban ta birnin Manzon Allah, amma ransa na ɓaci sai Hausar kakanninsa ta dawo masa tsaf.

"Hajo, kira min yarinyar nan."

Kafin mahaifiyarta ta buɗe baki Suhaila ta shigo da tire, ta ajiye, ta zauna a gefen kafet.

"Ga ni, Baba."

"Kin ji abin da mijin naki zai yi? Kansa zai kai mahkama ya nemi takardar i'isari. Ya tsaya gaban alƙali ya ce shi ba shi da ko sisi, bashi ya fi ƙarfinsa, a rubuta a buga hatimi kowa ya sani. To ni ba zan kai 'yata gidan wanda hukuma ta shaida tsiyarsa ba. Halas, magana ta ƙare. Za mu mayar masa da sadakinsa ya sauwaƙe miki."

Suhaila ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Tun kafin azumi aka yi milka, wato an ɗaura aurenta da Lurwanu, biki da tarewa kawai suka rage sai bayan aikin Hajji. Har kayan ɗaki an fara saye.

"Baba, amma bashin nan ai ba shi ya ci ba. Kawu ne —"

"Sunan wa ke kan takarda?" ya katse ta. "Nawa ko nasa?"

Hajo ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

To, ga yadda abin ya faro. Kawu Issoufou ƙanin Hajo ne, daga Maraɗi ya zo, mutum mai fara'a da zaƙin baki, irin wanda zai sayar maka da takalminka kana godiya. Ya ƙyalla ido ya ga kuɗin da ake samu a dabino kusa da Harami, amma shi baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da ikon buɗe shago da sunansa. Abin da wasu ke yi a ɓoye shi ne su ari sunan ɗan ƙasa a yi rajista, duk da doka ta hana. A lokacin Lurwanu yana tsakiyar neman aure, yana aikin karɓar baƙi a wani otal na alhazai, ga kunya ga son burge surukai. Alhaji Sa'id da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai ka zama ɗan gida, sa hannu kawai za ka yi." Wane saurayi ne zai ce a'a a wannan gaɓar? Ya sa hannu, har da murna.

Kawu ya kwashi dabinon ajwa a hannun dillalai bashi, kwali kan kwali, duk da sunan shagon Lurwanu. Masu umarar azumi suka saye shi tas. Ana gama salla aka nemi Kawu sama ko ƙasa aka rasa, sai labari aka ji wai an gan shi a Maraɗi yana gini. Dillalai suka kai ƙara. Aka rufe asusun Lurwanu, aka hana shi fita ƙasar, motarsa ma aka sayar, bashin ko gezau bai yi ba.

Washegari bayan la'asar Suhaila ta ce za ta ziyara masallacin Ƙuba. A harabar suka haɗu da Lurwanu, ya sauko daga bas, ya rame har tobinsa, doguwar rigar Larabawa, ya yi masa yawa. Tana ganinsa hawaye suka cika idonta.

"Haba Suhaila, a gaban mutane?" ya ce yana murmushin ƙarfin hali. "Ai ban mutu ba."

"Baba ya ce sai ka sake ni."

Ya gyaɗa kai. "Ya kira ni, ya faɗa min."

"Me ka ce?"

"Na ce sai na ji daga bakinki. Ki saurare ni da kyau, ba na so in ruɗe ki. Lauya ya ce ba ni da wata hanya sai i'isari. In alƙali ya gamsu ba ni da komai, za a ɗaga min ƙafa, a riƙa cire wani abu daga albashina har Allah ya sa in gama. Zai ɗauki shekaru. Babu ɗakin biki, babu gidan haya, sai ɗaki ɗaya a gidan Innata a unguwar Bani Harisa. Kuma za a hukunta ni kan aron suna, domin ba zan yi ƙarya a mahkama ba. In kin ga ba za ki iya ba, wallahi ba zan riƙe ki a raina ba."

"Kar ka ƙara faɗin haka," ta ce. "Me ya rage a yi?"

"Shaidu. Ana son waɗanda suka san cikina da wajena, su ce kuɗin dabinon bai shiga aljihuna ba. Abokan aikina sun san ba ni da komai, amma ba su san yadda aka yi shagon ba."

Suhaila ta share ido da bakin mayafi. "Ni abin da na kasa ganewa, ta yaya ma Kawu ya fita? Ai iƙamar direban gida gare shi. Direban gida ba ya samun bizar fita ta ƙarshe sai kafilinsa ya —"

Ta tsaya. Kafili shi ne wanda baƙo ke zaune a ƙarƙashin sunansa, kuma duk gidansu an san wanda ya kawo Kawu ƙasar nan. Ta dubi Lurwanu, shi kuwa ya kau da kai yana kallon tattabarun da ke tsince-tsince a harabar.

"Lurwanu, dube ni. Baba ne?"

Ya ci gaba da kallon tattabarun.

"Ka sani. Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka ce ya tafi."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"In ce miki me? Mahaifinki ne, Suhaila. Lauya ma ya matsa in ambaci sunansa, na ce a bar shi. Ni na sa hannu da hankalina."

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Abin da ke cin ranta ba bashin ba ne, a'a, fuskar mahaifinta ce jiya, yana kurɓar shayi yana kiran Lurwanu matsiyaci.

Ta same su a falo su biyu. Ta durƙusa yadda ta saba, domin tarbiyya ba ta barin mutum ko da zuciya na tafasa.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi, ka yafe min. Wa ya fitar wa Kawu bizar tafiya?"

Carbin da ke hannun Alhaji ya tsaya cak. Hajo ta dafe ƙirji.

"Wa ya aiko ki? Yaron nan ne ko?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ni ma a ƙasar nan aka haife ni, na san yadda ake yi."

Ya fara faɗa, ya koma Larabci, ya dawo Hausa, sai kuma muryarsa ta karye. "Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Issoufou ya zo min yana kuka, ya ce in aka kama shi bincike kaina zai biyo, tunda ni na bar direbana yana kasuwanci. Da girmana a ja ni mahkama? Na ce Lurwanu yaro ne, ɗan ƙasa ne, zai san yadda zai yi."

"Umma, ke ma kin sani?"

Hajo ta fashe da kuka. "Ƙanina ne, Suhaila, ciki ɗaya. Ni na haɗa masa jaka. Allah ya sani tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba."

Suhaila ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne mutanen da suka koya mata cewa ko riyal ɗaya ta tsinta a hanya ta nemi mai shi. Ta ji an ci amanarta a cikin ɗakin da ta fi yarda da shi a duniya.

"Kun tura shi rami, yanzu kuma kuna so in bar shi a ciki don kar a gan ku a baki," ta ce a hankali. "Baba, ba zan yi maka rashin kunya ba, ba zan kai ƙararka ko'ina ba. Amma ba zan nemi saki ba, ko za a shekara goma ban tare ba. Kuma ka sani, Lurwanu ya san kai ne tun ranar farko. Lauyansa ya ce ya ambace ka ya samu sauƙi, ya ƙi. Ya ce kai mahaifina ne."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ba wanda ya kira ta.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Suhaila ba ta fasa komai ba, ta dafa, ta share, ta kawo wa mahaifinta shayi ta gaishe shi, amma hirar nan da suke yi da dariya ta mutu. 'Yan uwa suka yi ta zarya, wannan ta ce ga ɗan wane mai kamfani, waccan ta ce soyayya ba ta biyan haya. Ta saurare su duka, ta raka su bakin ƙofa. Alhaji kuwa ya daina zama majalisa, abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Ranar zaman mahkama Lurwanu yana zaune a benci da abokan aikinsa biyu sai ya ga mutum ya tsaya a kansa da sanda. Ya miƙe da sauri.

"Baba, lafiya?"

"Zauna," in ji Alhaji Sa'id, bai iya haɗa ido da shi ba. "An ce kana neman wanda ya san yadda aka yi shagon. Babu wanda ya fi ni sani."

"Baba, in ka yi magana kai ma za a —"

"Na sani. Da sanina na zo."

Ya shiga ya faɗi komai, tun daga dafa kafaɗa har zuwa bizar. Bai fita salin-alin ba, an ci shi tara mai nauyi, kuma labari ya zaga Ƙurban kafin magariba. Shi ma Lurwanu ya ɗanɗana hukuncin aron suna. Amma bayan bincike alƙali ya gamsu cewa kuɗin bai shiga hannunsa ba, ya ba shi takardar i'isari, aka tsara abin da zai riƙa biya kowane wata gwargwadon ƙarfinsa. Takardar da ake gudu saboda kunya, ita ce ta ba shi damar numfashi.

Bayan Hajji Suhaila ta tare, ba ɗakin biki ba mawaƙa, sai tiren shinkafa da 'yan uwa na kusa. Alhaji da kansa ya kai ta Bani Harisa. A bakin ƙofa ya riƙe hannunta, idonsa ya yi ja.

"Kin yafe min?"

"Na yafe, Baba," ta ce tana hawaye. "Mantawar ce zan roƙi Allah ya taimake ni."

Ya gyaɗa kai, domin ya san iyakar abin da ya cancanta ke nan.

Sun sha wuya, ba za a ɓoye ba. Akwai watan da sai Suhaila ta yi ɗinki kafin a sayi gas. Amma bashin yana raguwa, kuma Lurwanu bai taɓa goranta mata abin da danginta suka yi masa ba ko sau ɗaya.

'Yan uwana matasa, kada kunyar suruki ko zumuɗin soyayya ya sa ku ba da aron sunanku a kan abin da ba ku da iko da shi. In kuma bashi ya fi ƙarfinku, ku je ku faɗi gaskiya inda doka ta tanada, wannan ba abin kunya ba ne. Iyaye kuma ku ji tsoron Allah. Alhaji Sa'id ya biya tara ya gama, amma har yau in 'yarsa ta kawo masa shayi ta gaishe shi da ladabi, yana jiran ta zauna su yi dariya kamar da, sai ya ga ta ɗauki tire ta tashi.