Madara a Haɓar Yaro

"Ya sha wani abu tun asuba?"

Nas ɗin ta tambaya, biro a hannu. Ni kuwa idona na kan haɓar ɗana, inda farin ɗigon madara yake gangarowa.

Wata takwas muna jiran wannan ranar. An haife shi leɓensa na sama a tsage har cikin ganɗa, kuma duk faɗin ƙasar, cibiyar nan ce kawai ke da likitocin ɗinkinsa. Sharaɗi ɗaya suka kafa mana, kada komai ya shiga cikinsa kafin tiyata. Yaro mai abinci a ciki, in allurar barci ta kama shi, yana iya yin amai ya shaƙe.

Ɗazu na je sa hannu a takarda, na bar shi wajen Inna, surukata.

Na dube ta. Ta tura cokali cikin jaka, ta matso kusa da kunnena.

"Cokali uku ne kacal, kuka yake kamar zai shiɗe. Ki yi shiru! In aka fasa yau, ki san inda za ki kai shi. Na gaji da rufe shi da zani in baƙi sun zo."

Na waiwaya. Mijina, makaniki, yana tsaye bakin ƙofa yana murza hularsa. Bai taɓa yi wa uwarsa musu ba, ko kan gishirin miya.

"Baiwar Allah, ke nake jira," in ji nas.

Aurena... ko numfashin ɗana?

"Ya sha madara." Na dubi nas ɗin. "Yanzun nan."

Ta ajiye biron. "To, yau dai babu. Akwai yara da yawa a layi, sai bayan wata huɗu."

"Ka ji ko!" Inna ta tafa hannu. "Ta ɓata komai da bakinta! Dama ba irin gidanmu ba ne wannan yaron!"

Na rungume yaron, ina jiran kalmar da za ta raba ni da gidana.

Mijina ya tako a hankali. Ba ni ya kalla ba, nas ya kalla.

"Sista, da ta yi shiru fa?"

"Da wataƙila ku koma gida babu shi."

Hular ta faɗi daga hannunsa.

"Inna," ya ce, "mota ma ba na buɗe ta da zafin inji. Ɗan mutum kuma? In kunyar baƙi kike ji, su daina zuwa. Shi yana gidan ubansa."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ki gafarce ni. Amma ke nake faɗa wa."

Ya juyo, ya share min hawaye da yatsansa mai kaushi.

"Amaryata... kin tsorata?"

"Na zaci ka sake ni ke nan..."

"In saki wadda ta fi ni zuciya? Ashe ban da hankali!"

Ya ɗauko kujera ya ajiye min.

"Zauna ki ba shi ya ƙoshi, tunda an fasa. Sista, rubuta mana sabuwar rana. Mu biyu za mu kawo shi."