Tarin Bayan Ƙofa

Tun da aka kai ɗanta Yaya makwancinsa, Umma ta sa wa ɗakinsa kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Ko hawaye ba ta yi ba. Gizo-gizo ya saƙe ƙofar daga sama har ƙasa, wa ya isa ya ce mata kanzil? Kullum dab da magariba sai a ji tari daga ciki, busasshen tarin nan da ya yi ajalinsa. Umma takan jawo kujera ta zauna tana saurare, kamar mai jin rediyo.

Wata yamma Auta, 'yar da ta rage mata, tana cikin shara ta ɗaga tsintsiya ta kwashe yanar. Ba a idar da sallah ba kunamu suka fara faɗowa daga rufi cikin kwanuka. Ba su harbi kowa ba. Auta kuwa ta rarrafa lungu ta takure, yatsunta na ta jan zaren da babu shi. Ta daina ci, ta daina magana, sai rama.

Maƙwabta suka kawo wani malami, tsoho mai sanyin murya. Ya yi ta karatu a kanta har bakin Auta ya buɗe da muryar da ba tata ba.

"Ni ban yi kutse ba, Malam. Ɗaki na tarar a rufe babu mai shi. Yarinyar nan ta rushe mini gida, na shiga jikinta."

"To, fita za ka yi."

"Fita ai ba wuya. A buɗe ɗakin rana ta shiga, a rabar da kayan. Amma tambayi uwar tukuna. Tarin nan ni nake yi mata. In na tafi, da abina zan tafi."

Malam ya juyo. "Baiwar Allah, kin san ba ɗanki ba ne?"

"Na sani," in ji Umma. "Tun ranar farko."

Ta daɗe tana kallon wuyan Auta, duk ya zama ƙashi. Sannan ta kwance bakin zaninta. Da kwaɗon ya buɗe, Auta ta yi atishawa ta zube, barci ya kwashe ta. Umma da kanta ta ninke rigunan, ta miƙa wa maƙwabta.

Washegari da magariba, Allah sarki, ta sake jawo kujerar. Ƙofa a buɗe, ɗaki fes. Ta kasa kunne har duhu ya rufa, ba ta ji komai ba.

"Umma, ruwa," in ji Auta daga nata ɗakin.

Umma ta tashi, ta ɗauki kujerar ta shiga da ita.