Liyarin Inna Adama

Da hantsin Laraba aka kawo labarin gawar, kafin azahar kuwa gari ya riga ya yanke hukunci.

Wani direban a-kori-kura ne ya hango ta a gefen kwalbati, tsakanin Sheme da Faskari. Malam Abdulƙarim ne, tsohon hedimasta daga Ƙanƙara, an rotsa masa ƙeya. Sufeto Yahuza na ofishin 'yan sandan Faskari ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Babur ɗin mamacin na nan a jingine, har makullin na jiki. Wayarsa kaɗai ce babu. Wane ɓarawon daji ne zai bar babur ya ɗauki waya? Abin bai kwanta masa ba ko kaɗan.

Yana dawowa ofis ya tarar da ƙofa ta cika maƙil. 'Yan sa-kai sun kawo wani makiyayi ɗaure tamau, fuska a kumbure. Gide sunansa, daga wata ruga kusa da Tafoki. An gan shi da Malam a kasuwar Sheme jiya, an kuma laluba aljihunsa an sami tsohon kuɗin azurfa mai kan mace, irin wanda tsofaffi ke kira liyari. Kowa kuwa ya san Malam da tara tsofaffin kuɗi.

"A ba mu shi!" in ji wani daga cikin taron. "Mu muka san yadda za mu yi da shi!"

Sufeto ya ja Gide ciki, ya sa aka garƙame ƙofa.

"Ina ka samo wannan?"

"Tsintuwa na yi, yallaɓai."

"Tsintuwa? To tashi in buɗe maka ƙofa, ka je ka gaya masu haka."

Gide ya dubi taga. "Wallahi Malam ya ba ni. Shi ya koya mini karatu a makarantar 'ya'yan makiyaya. Ya ce in kai ma Innata ta gani, ko ta san shi. Ban kai ga isa gida ba, na kwana wajen shanu, da safe aka tare ni."

"Mi ya haɗa Innarka da shi?"

"Bai ce ba."

Da yamma wani dattijo ya raɗa wa Sufeto cewa matasa sun yi rantsuwa: in aka sauko daga Juma'a ba a miƙa masu Gide ba, za su shigo su ɗauka da kansu. Fitar da shi gari ma ba ta yiwuwa, don an sa ido a kowace hanya. Sufeto ya san ba cika baki ba ne. Garin ya binne mutane da yawa, zukata sun bushe, kuma duk mai sanda a kafaɗa ya zama abin zargi.

Ranar Alhamis ya nufi Ƙanƙara. Ana zaman makoki a ƙofar gida. Ya yi gaisuwa, ya nemi wanda ya san harkar kuɗin Malam, sai aka kira ɗiyarsa Shafa'atu, ma'aikaciyar jinya, ido jawur.

Ta kai shi ɗakin mahaifinta. Ga anini da kwabo mai huji da sule da dala, kowanne a ɗan gurbinsa cikin akwatin gilashi.

"A ina yake samun su?"

"Gwanjon intanet. Mai kaya ya sa hoto, mutane su yi ta tayi, wanda ya hi tayi ya ɗauka. Ni na buɗe mashi shafin, har yanzu ina iya shiga ta wayata."

"Ba ya tsoron a cuce shi?"

"Baba?" Ta yi ɗan murmushin da bai kai ciki ba. "Sai ya ga hoton gaba da baya da gefe. Sai ya karanta abin da masu saye suka rubuta a kan mutum, ya duba taurarin da suka ba shi, ya ga tun yaushe yake sayarwa. In yabon ya yi yawa ma sai ya ce akwai ƙura. Shi kanshi bai taɓa ba kowa taurari biyar ba. Cewa yake cika ta Allah ce."

"Wannan liyarin fa?"

"Wajen wani mai kiran kanshi Taskar Kakanni ya saye shi. Wai yana Legas. Ran da kayan ya zo, Baba ya kai shi hanci ya shinshina, sai na ga fuskarshi ta canza. Ya ce, 'Shafa, man shanu. Wanga bai taɓa ganin Legas ba, daga gashin wata mace ya hito.'"

Sufeto ya kai liyarin hanci. Tabbas, can cikin lungun rubutun akwai ɗan warin man shanu. Ya juya gefen, ya ga inda aka goge wani abu da magagari, sai kuma wasu 'yan tsagu biyu kusa da juna.

"Buɗe mini shafin mai kayan."

Ta buɗe. Yabo ne jere, mai gaskiya, mai amana, kaya na asali. Tana cikin ja da yatsa sai ta daskare.

"Innalillahi. Yallaɓai, duba."

A can sama akwai sabon yabo, taurari biyar cif, da sunan Malam Abdulƙarim. An sa shi jiya bayan azahar, lokacin da ake yi wa Malam wanka, Gide kuma yana kulle a bayan kanta.

Sufeto ya sake duba lokacin. Wayar mamacin tana hannun wani, kuma wanin nan taurarinsa sun dame shi fiye da ran da ya ɗauka.

"Kar ki gaya ma kowa," ya ce. "Ki bar wayarki a kunne."

Daga can ya kama hanyar Tafoki, wadda ba ta da daɗin bi. Gonaki a yashe, ƙauyuka tsit, ko kukan jaki babu. A rugar su Gide maza duk sun gudu, sai mata. Uwarsa, Inna Adama, tana zaune a gindin rumbu, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Kun kashe shi?"

"Yana raye, Inna. Ki duba mini wannan."

Ta karɓa, ta murza gefen da babban yatsa, sai hannunta ya tsaya a kan tsagun nan. "Wannan shaidar kunnen shanunmu ce. Kakata ta sa aka yi ta a kan kowane ɗaya, don kar su haɗu da na wasu wajen biki. Amma ina kunnen da ake zura zare? Kuma ya aka yi ya je hannunka, ga nawa a kaina?"

Ta yaye mayafi. Liyarai na reto a kitsonta, suna ƙyalli kamar sababbin kwanoni. Sufeto ya roƙi ta kwance ɗaya. Ya saki na Malam a kan dutsen niƙa, ya yi ƙara siririya mai daɗi. Ya saki nata, ya faɗi tim. Dalma ce aka yi wa wanka da ruwan azurfa.

"Wa ya taɓa riƙe maki su?"

"Ba kowa. Sai dai in biki ya matso, mukan tara su mu kai wanki wajen Alhaji Muttaka maƙerin azurfa, a Sabuwa. Su kwana biyu wajenshi, mu amso. Tun ubanshi muke kaiwa." Ta dubi na hannunta. "Duk matan rugagen nan shi suke kai mawa."

Sufeto ya mayar mata da nata. Gadon kaka da kakanni ne, an sace shi a kansu suna godiya.

Da safiyar Juma'a ya isa Sabuwa, shi da sajensa. Tun a hanya aka bugo masa daga Faskari cewa shaguna sun ƙi buɗewa, yara kuma na tara tayoyi.

Alhaji Muttaka dattijo ne tsaf-tsaf, farar riga, gemu a gyare. Ya tarbe su da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma a rumfar ƙirarsa.

"Alhaji, ka san Malam Abdulƙarim na Ƙanƙara?"

"Ban taɓa jin sunan ba. Allah ya jiƙan shi."

"Na ce maka ya rasu?"

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Haba yallaɓai, ɗan sanda ya taso tun daga Faskari, ai ba bikin suna ya zo gayyata ba."

"Kana sayar da kaya a intanet?"

"Ni? Ga wayata nan." Ya zaro wata 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure ta da roba. "Ko saƙo sai an karanta mini."

"Ina kake ranar Talata da yamma?"

"Nan, gaban wuta. Tambayi kowa."

Ƙaryar ta zauna daram, ba inda ta yi rawa. Sufeto ya dubi rana, ya ga ta fara ɗagawa, ga lokacin Juma'a na matsowa. Ya juya baya kamar mai duba awarwaron da ke rataye, ya aika wa Shafa'atu saƙo cewa ta taya duk abin da Taskar Kakanni ya sa a gwanjo, yanzu-yanzu.

Rumfar ta yi shiru, sai hucin gawayi. Can sai wani abu ya yi ƙiris daga cikin buhun da ke bayan zugazugi. Ya sake yi, ya kuma sake.

Fara'ar Alhaji ta zube. Saje ya zazzage buhun. A ƙarƙashin gawayin akwai leda, a cikinta babbar waya tana haske da tayin Shafa'atu. Akwai wata kuma a kashe, mai fasasshen gilashi, da tulin liyarai an goge masu kunnuwa. Sufeto ya kunna ta biyun, hoton Shafa'atu sanye da kayan aikinta ya bayyana.

"Wayar wa ce wannan, Alhaji?"

Dattijon ya zame ya zauna a ƙasa. Da ya buɗe baki, muryar ba ta mai nadama ba ce, ta mai jin an zalunce shi ce.

"Shi ya jawo. Ya rubuto mini wai ya san inda kayan ya hito, in zo Sheme mu gana, ko ya tona ni a shafin. Na je. Na ce zan mayar mashi da kuɗinshi, ya ƙi. Wai sai na mayar ma matan da abinsu ɗaya bayan ɗaya. Yallaɓai, ka san shekarun da na yi ina gina sunan nan? Ba wanda ya taɓa rage mini tauraro ɗaya! Ya juya zai hau babur, guduma na cikin jakata..."

"Sai kuma ka yabi kanka da bakinshi."

"Ai ciniki bai rufe ba sai mai saye ya yi magana."

Sufeto ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Ya daure, ya ɗaura masa ankwa da kansa.

Sun shiga Faskari ana saukowa daga masallaci. Taron ya kai har bakin titi, ga gorori, ga jarkar fetur. Sufeto ya hau bayan mota ya faɗi abin da aka gano, ya ɗaga wayar Malam sama, sannan ya sa aka sauko da mai laifin.

Sufeto ya ɗauka sai sun yi harbi sama kafin su wuce da shi. Ina! Mutane suka dubi farar rigar, suka dubi gemun, wasu ma sun san shi, sun sayi zobban aure a wajensa. Sai taron ya dare gida biyu. Ba wanda ya ɗaga gora. Wani har cewa ya yi a bi a hankali, dattijo ne. Haka aka wuce da Alhaji Muttaka har cikin ofis, ko hularsa ba ta goce ba.

Sufeto ya bi bayansu cike da takaici. Ya shiga ya buɗe wa Gide, ya gaya masa an kama wanda ya yi kisan.

Gide ya miƙe da ƙyar, yana dafe haƙarƙari. Ya leƙa ta taga, ya ga mutanen da suka kwana biyu suna neman ransa suna watsewa, kowa na kallon ƙasa.

"Yallaɓai," ya ce a hankali, "da ba ka samo shi ba fa?"

Sufeto Yahuza ya kau da kai daga tagar, don dukansu biyu sun san amsar.